Filin Tambaya da Amsa: Rautar Gida da Masu Buga Gem a Intanet

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙun da suka taru kusan duk kukansu ɗaya ne, masu buga gem a intanet ne rautar gida, wato akwatin nan mai raba intanet a gida, ke ba su ciwon kai, sai na tsamo guda biyar da naga in an amsa su an amsa na sauran.

TAMBAYA TA 1

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da PS5 kuma intanet ɗin gidanmu ba laifi, in na gwada gudunsa yana kai mega 100 wani lokacin har ya wuce, bidiyo baya tsaya min ko kaɗan, amma da zarar na shiga buga ƙwallo da wani sai in danna fasin sai an ƙwace ƙwallon sannan ɗan wasana zai motsa, wani lokacin kuma komai ya sandare sannan ya dawo a guje kaga har an ci ni. Abokina yace in koma tsarin mega 300. Shin hakan zai magance?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, ba gudu ne matsalarka ba.

Gem in ana cikin bugawa baya cin data mai yawa, abin da yake aikawa 'yan ƙananan saƙonni ne, wane ya danna kaza, ƙwallo tana wuri kaza, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma yawanci duka-dukansu basu cika mega ɗaya ba. Kamfanin Microsoft ma mafi ƙarancin da ya nema wa Xbox mega 3 ne na saukewa da rabin mega na ɗorawa. To kaga mai mega 100 ya wuce wurin nesa ba kusa ba. Mega faɗin titi ne, shi kuma gem ba faɗi yake nema ba, so yake saƙonsa ya je ya dawo da wuri kuma kada ko ɗaya ya faɗi a hanya.

Wannan lokacin kai-komon shi ne lambar da kake gani a gefen allo da ms a gabanta, wato milisakan. A ganina ƙasa da 50 lafiya lau ne, in ta kai 100 zaka fara ji a hannunka, in ta haura 150 kuwa ƙwallo da gem ɗin harbi sun zama wahala. Ka lissafa da kanka, gem mai nuna hoto 60 a daƙiƙa kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 17, kenan mai 150 hoto tara aka wuce shi kafin saƙonsa ya je ya dawo. Shi bidiyo da kace baya tsayawa ai tarawa yake yi gaba, yana da ajiyar daƙiƙu da yawa, ko layi ya ɗan yi tuntuɓe bazaka sani ba. Gem bashi da wannan gatan, ba yadda za a yi ya tara abin da abokin karawarka bai danna ba tukuna.

Wani ɓangare na jinkirin nan ba laifin kowa bane, nisa ne. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka in uwar garken gem ɗin, wato babbar kwamfutar da ake haɗuwa a kanta ana wasan, tana nisan kilomita 5,000 daga gare ka, zuwa da dawowa kaɗai ya cinye milisakan 50 tun kafin a sa tsaye-tsayen hanya, kuma babu rautar da zaka saya ta rage wannan. Abin da zaka iya shi ne in gem ɗin ya baka zaɓin yanki ka ɗauki mafi kusa.

Amma sandarewar nan da kace ana yi sannan a dawo a guje, wannan alamar saƙonni na zubewa ne, kuma mafi yawan lokuta waifai ne mai laifin. Gwaji ɗaya zai raba gardama. Nemo kebul na intanet irin mai rubutun Cat5e ko Cat6 a jikinsa, ka jona na'urar gem kai tsaye da rauta ko da na yamma ɗaya ne, ko da zai ratsa tsakiyar falo, ka buga wasa uku ko huɗu. In ta gyaru ka gano ɓarawonka, sai ka nemi hanyar bin bango da kebul ɗin, yana iya kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba. In kuma bata gyaru ba to matsalar tana gaba da rautar, tsakaninka da kamfanin intanet ne.

In jan kebul ba zai yiwu ba sam, ka ɗora na'urar a waifai na 5GHz maimakon 2.4GHz. Na 2.4 ya fi ratsa bango amma cunkoso ya masa yawa, rautocin maƙwabta suna kai, injin ɗumama abinci yana kai, har hannun gem ɗin naka da Bluetooth yake magana kuma a wannan zangon yake. In dole sai shi, ka shiga saitin rauta ka tsayar da tasharsa a 1 ko 6 ko 11, su ukun ne basa hawa kan juna. Masu PS4 ta farko ta 2013 kuwa sai haƙuri, 2.4 kaɗai take kamawa, sai Slim da Pro na 2016 aka sa musu 5. Ka fito da rautar daga bayan talabijin ko cikin kabad ka ɗora ta sama a fili. Na'urar ƙara zangon waifai kuma bana ba mai gem shawararta, karɓa take ta sake aikawa, sandunan sigina zasu cika amma jinkiri ya ƙaru.

TAMBAYA TA 2

Malam barka da aiki. Ni Xbox gare ni, kullum in na duba sai inga NAT ɗina Strict, bana iya shiga rukunin abokaina, in ma na shiga wasu basa jin muryata nima bana jinsu. Na kalli bidiyoyi da yawa na buɗe ƙofofin da suka ce a rauta har na gaji amma ko gezau. Ni dai na kusa haƙura wallahi.

AMSA

Kar ka haƙura ƙanina, ina jin na san inda gizo ke saƙar, amma bari in fara daga tushe saboda wannan ita ce tambayar da ta fi yawa a wasiƙun.

Kamfanin intanet adireshi ɗaya yake ba gidanku, alhali a gidan akwai wayoyi da kwamfuta da talabijin da na'urar gem. Rauta ita ce mai gadin bakin ƙofa, ita ke raba wa kowa adireshin cikin gida irin mai farawa da 192.168, in wani na ciki ya aika saƙo waje ta rubuta, in amsa ta dawo ta san na wane ne. Wannan aikin shi ake kira NAT. Matsalar tana zuwa ne in baƙo ya ƙwanƙwasa daga waje ba tare da wani na ciki ya fara kiransa ba, mai gadi bai san wa ake nema ba sai ya kore shi. To hirar murya da wasu gem ɗin haka suke aiki, na'urar abokinka ce ke ƙwanƙwasa taka kai tsaye.

Xbox tana kiran matakan Open, Moderate da Strict, PlayStation tana cewa 1, 2, 3, Nintendo Switch kuma haruffa take bayarwa daga A. Mai Strict da mai Open kaɗai yake haɗuwa, shi yasa kake jin wasu baka jin wasu. Masu PlayStation ku lura, 2 lafiya lau ne, shi ne na duk wanda ke bayan rauta mai aiki daidai, kada ku wahalar da kanku neman 1.

Matakin farko mai sauƙi ne. Buɗe burauza a waya ko kwamfutar da ke kan waifai ɗin gidan, rubuta adireshin rautar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu masu sim kuma 192.168.8.1, yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta tare da kalmar sirri. Nemo UPnP ka kunna. Shi ne ke ba na'urar gem dama ta ce wa mai gadi duk wanda ya zo ta ƙofa kaza ni yake nema. Sannan ka goge duk ƙofofin nan da ka buɗe da hannu, haɗa su da UPnP yana sa su yi karo. Kashe na'urar gem kashewa ta gaske ba barci ba, zare rauta daga wuta kamar rabin minti, mayar, jira ta gama tashi, kunna gem ka sake gwadawa.

In har yanzu Strict ne, kuma ina zargin haka zai kasance tunda kace ka buɗe ƙofofi bata motsa ba, to ga abin da bidiyoyin basu gaya maka ba. A shafin rautar nemo inda aka rubuta WAN, wato ɓangarenta da ke kallon waje, ka kwafi adireshin da ke wurin. Sannan ka tambayi Google adireshin IP ɗinka ka kwatanta. In sun zo ɗaya, ƙofar gidanku tana kan titi kai tsaye, gyaran yana hannunka. In sun bambanta, akwai wani mai gadin a gaban naka.

Wani lokacin mai gadi na biyun a cikin gidan yake. Kamfani ya kawo akwatinsa wanda shi ma rauta ne, kai kuma ka sayo taka ka jona a bayansa, sai adireshin WAN naka ya fito da 192.168. Xbox ma takan faɗa maka ta gano NAT biyu. Maganin shi ne ɗaya ta sauka daga aikin gadi, ko ka mayar da akwatin kamfani gada kawai, a saitin suna rubuta Bridge, ko ka mayar da taka mai raba waifai kawai, wato AP. In duk biyun sun gagara ka jona na'urar gem da akwatin farko kai tsaye.

In kuwa adireshin ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko layin sim kake amfani da shi kaga ya fara da 10, to mai gadin yana can wurin kamfani, ana kiran tsarin CGNAT. Dalili shi ne tsoffin adireshin intanet na IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babbar ma'ajiyarsu ta ƙare tun Fabrairun 2011, sai kamfanoni da yawa musamman na layin waya suka koma haɗa kwastomomi masu yawa a adireshi ɗaya. A nan ko ka buɗe kowace ƙofa a rautarka aikin banza ne, ƙofar waje ba a hannunka take ba, kuma abin yana min ciwo ganin yadda matasa ke kwana suna fama da saiti suna zaton su ne basu iya ba. Kira kamfanin ka ce kana son adireshin IP na fili naka kai kaɗai, wasu suna bayarwa kyauta wasu da kuɗi wasu basa bayarwa. Ka tambaye su IPv6 ma, wato sabon tsarin adireshin, Xbox tana aiki da shi kuma yana rage wannan wahalar.

Ga wanda adireshinsa ya zo ɗaya amma UPnP ɗin rautarsa bata da kirki, shi ne zai buɗe da hannu. Ya fara kafe wa na'urar gem adireshi ɗaya a rauta don kada gobe ta canza ƙofar ta koma kan wayar wani, sannan ya kashe UPnP ya buɗe ƙofa mai lamba 3074 ga Xbox, TCP da UDP duka, wato hanyoyin aika saƙo biyu da zai gani a saitin, PlayStation kuma 3478 zuwa 3480 a TCP da 3478 da 3479 a UDP. Akwai kuma DMZ, wanda ke tura duk baƙon da ba a san shi ba wurin na'ura ɗaya. Ga na'urar gem ina iya yarda da shi in komai ya ƙi, amma kada ka taɓa sa kwamfuta ko waya a ciki. In Xbox biyu ne a gida ɗaya, ƙofa ɗaya bata isar su, a saitin netwok na ta biyun akwai wurin zaɓar wata ƙofa daban.

TAMBAYA TA 3

Salam Malam. Ni uwa ce, ban san komai a harkar gem ba, amma kullum da daddare sai na raba faɗa tsakanin ɗana da yayarsa, yace duk sanda take tura bidiyo ko kiran bidiyo gem ɗinsa lalacewa yake, ita kuma tace sharri ne tunda kebul ya ja har ɗakinsa. Waye mai gaskiya, kuma me zan yi?

AMSA

Hajiya Allah ya ƙara haƙuri. Yaron yana da gaskiya, amma ita ma yayar bata yi laifi ba, rautar ce bata iya raba layi ba.

A yawancin gidaje hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci sosai, ana iya samun mega 50 na saukewa amma na ɗorawa bai wuce 5 ko 10 ba. In waya ta fara tura bidiyo, ko tana kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet ita kaɗai ba tare da mai ita ta sani ba, sai ta cike wannan 'yar hanyar, rauta kuma maimakon ta ce dakata sai ta jera komai a dogon layi, ɗan saƙon gem da bai kai komai ba ya tsaya a bayan lodin bidiyo yana jira. Kai-komon da yake 40 sai ya tashi zuwa ɗaruruwa. Kebul baya hana wannan tunda kowa ta ƙofa ɗaya zai fita. Wani injiniya Jim Gettys ne ya fito da matsalar fili wajen 2010, kuma tun lokacin aka samar da magani.

Ki sa yaron ya shiga saitin rauta ya nemo QoS ko SQM, su ne saitin da ke tsara yadda saƙonni za su bi layi. In SQM ce ta fi, sai ya gwada gudun intanet lokacin da ba kowa a kai, ya rubuta mata kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ya samu, na saukewa da na ɗorawa. Za a ɗan rasa gudu kaɗan amma layin baya taruwa, kowa zai samu rabonsa. In QoS ce kawai, ya sa na'urar gem a sahun gaba. In rautar bata da ko ɗaya, a saita wayoyin gidan su daina kwashe hotuna sai tsakar dare. Shi ma ya duba kansa, na'urar gem tana iya sauke sabuntawa mai giga da yawa a ɓoye yana cikin wasa, ya dakatar da ita kafin ya ɗora wa yayarsa.

TAMBAYA TA 4

Malam wai da gaske ne in na canza DNS zuwa 8.8.8.8 gem zai daina jinkiri?

AMSA

A'a ɗan'uwa. DNS littafin adireshi ne, aikinsa ya juya suna zuwa lamba a farkon haɗuwa, da an shiga wasa ya gama nasa. 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare suna da amfani in na kamfaninka yana gardama har na'ura ta kasa shiga asusu ko kantin gem, wani lokacin kuma saurin saukewa yakan canza. Gwadawa ba laifi bane, amma kai-komon cikin fili bazai ragu ba. Haka lambar MTU da ke cikin saiti, mai ƙayyade girman kowane saƙo, ka bar ta yadda ka same ta.

TAMBAYA TA 5

Yallaɓai ni tawa daban ce, wasa yana tafiya sumul sai kawai a fitar da ni gaba ɗaya, bayan minti ɗaya ko biyu ya dawo, a dare ɗaya sai ayi haka sau uku. Na kira kamfani sunce komai lafiya a wurinsu. In danna ɗan maɓallin nan na bayan rauta?

AMSA

Dakata da maɓallin nan tukuna malam. Wanda ke cikin ɗan rami da ake dannawa da tsinke ba kashewa da kunnawa yake ba, goge komai yake ya mayar da rauta yadda ta fito daga kwali, sunan waifai da kalmar sirri duk su tafi, in kuma layinka irin mai shiga da suna da lambar sirri ne da ake kira PPPoE, zaka zauna ba intanet sai kamfani ya sake baka su.

Abin da nake so ka yi, ranar da aka sake fitar da kai kada ka taɓa komai, tashi da sauri ka kalli fitilun rautar, ka kuma duba wayarka. In fitilun duk sun mutu suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, rautar ce ke sake tashi da kanta, kuma minti ɗaya ko biyun da ka faɗa ya yi kama da haka. Taɓa jikinta, in ta yi zafi sosai ka fitar da ita inda iska ke shiga kada a ɗora komai a kanta. In ba zafi, ka zargi cajarta, in ta tsufa tana kasa riƙe wuta lokacin da aiki ya yi yawa, ka gwada wata amma lallai mai lambar volt iri ɗaya da wadda ke rubuce a jikin rautar, amfiya kuma daidai ko sama da haka. Ka duba shafin saiti ko akwai sabuntawar manhajarta, kuma kada a zare wuta tana cikin yi.

In fitilun suna nan amma ta intanet kaɗai ta koma ja ko ta mutu, wayarka ma ta rasa intanet alhali tana kan waifai, to layin kamfani ne ke yankewa ko me suka ce. Rubuta rana da lokacin kowace yankewa na kwana uku ko huɗu, ka ɗauki hoton fitilun, yawancin rautoci ma suna da shafin tarihin abin da ya faru, ka ɗauki hotonsa ka tura musu ka nemi su turo ma'aikaci ya duba wayar da ta shigo gidan.

In kuwa waya tana aiki lafiya na'urar gem ce kaɗai ta faɗi, duba shafin da Sony ko Microsoft ko Nintendo ke sanar da lafiyar sabis ɗinsu, wani lokacin daga can ne. In can lafiya, raba sunan waifai na 2.4 da na 5 ya zama kowanne da nasa, saboda wasu rautocin suna cilla na'ura daga wannan zuwa wancan tana tsakiyar wasa. In kebul kake amfani da shi canza wani, ka canza ramin da ka soka shi a bayan rauta, ɗan harshen robar nan in ya karye kebul yana motsi ya saki. Abu ɗaya zaka canza a dare ɗaya ka rubuta abin da ya biyo baya, in bayan mako bata daina ba ka sake rubuto min da abin da fitilun suka nuna da lambar samfurin rautar.